Rufin Aruna Ya Sha Ruwa

Aruna kafinta ne daga Zangon Kumasi, kuma tunda muke zaune ɗaki ɗaya da shi a unguwar Al Mirqab a Doha ban ga mutum mai kallon sama kamarsa ba. Wani attajiri ne ya je Norway, ya kwana a wani tsohon otal na katako, ya dawo ya ce lallai sai an gina masa gidan shan shayi irinsa a unguwar Mushairib. Aka ba Aruna hoto. Rufi ne mai tsini kamar hular gwangwani da aka matse, baranda ta zagaye bene, an sassaƙa katakonta kamar aikin wuyan riga. A gefen rufin har da 'yan ƙarafa masu tare ƙanƙara kada ta zubo wa mutane. A Doha fa! Na yi dariya har cikina ya ƙulle, amma Aruna ya kafa su ɗaya bayan ɗaya, wai haka hoto ya nuna.

Da aka gama ginin kowa ya yaba, shi kuwa ya ƙi sakin rai. A wurin maigidansa Baba Rafiu, wanda ya koya masa sana'a a Kumasi, ba a kiran yaro masta sai rufinsa ya sha ruwan sama bai ɗiga ba. To ina ruwan? Ya ishe ni da zancen hadari, kullum yana duba waya, har na fara jin haushinsa. Na ce ya hau da tiyo ya zuba, ya ce Baba zai gane.

Wata Asabar muna cin shinkafa a kasuwar Souq Waqif sai aka fara yayyafi, nan da nan ya zama ruwa sosai. Aruna ya jefar da cokali ya kwasa a guje, ni ina binsa ina haki. Ya faɗa gidan shayin jiƙe sharkaf, ya kwanta rigingine a tsakiyar baƙi yana leƙen silin. Ko ɗigo babu.

Ya kira Kumasi, ya ɗaga wayar sama don tsohon ya ji ƙarar ruwa a kan katako.

"Baba, kana ji? Ruwa ne, wallahi ba tiyo ba."

Tsohon ya ce, "To tashi daga ƙasa, Masta Aruna, mutane na kallonka."

Bai tashi ba. Dariya yake yi, hawaye na gangara cikin kunnuwansa.