Mama ta roƙi Allah ya ɗauke ta ya bar ni

Tun bara ban rubuta komai a nan ba. Masu tambayata a ɓoye ko na warke, e, na warke. Abin da ya hana ni magana ke nan.

Da zazzaɓi ya fara. Na je kemis na sayi maganin maleriya, na ci gaba da zuwa makarantar da nake koyarwa a Kafanchan. Da cikina ya kumbura ya yi tauri kamar dutse, mijina Bulus ya kai ni asibiti. Aka ɗibi jini, aka yi hoto.

Likita ya ce, "Madam, taifot ya huda maki hanji. Yau za mu shiga tiyata, ba gobe ba."

Kuɗin aikin kaɗai ya cinye albashina na wata uku. Tsoro kuwa, na ji shi har cikin haƙorana.

Kafin in farfaɗo, Mama ta iso daga ƙauyenmu kusa da Fadan Kagoma, da tabarma, da bokiti, da Littafi Mai Tsarki. Ta bar cittarta a gona ba a tona ba. Ta bar Baba, mutumin da tun aurensu bai san inda ake ajiye gishiri ba.

Waɗanda suka san Mama Saratu sun san ba a gardama da ita. Ita ce mai buga tulu a zumuntar matan coci, in waƙa ta karkace da ido take gyara ta. Jikokinta sun san akwai ƙuliƙuli a bakin zaninta ko da ta rantse babu. Ta kori Bulus gida wurin yara, wai namiji bai iya jinya ba.

Ɗinkin ya ruɓe. Aka sake buɗe ni. Warin da ke fita daga jikina ni kaina ba na iya jurewa, amma Mama ce ke kwashe fo, ta wanke zannuwa, ta ɗebo ruwa, ta bi layin magani. A ƙasa take kwana, kanta kusa da ƙafar gadona.

Kowace safiya nas tana zuwa ta auna jinina. Mama na zaune a gefe tana matsa ƙeyarta. Na ga ƙafafunta sun kumbura. Ta ce tsufa ne. Ba wanda ya ce ta miƙo hannu, har da ni.

Ranar da jikina ya fi tsanani, matan zumunta suka zo addu'a. Mama ta durƙusa a gabansu ta ɗaga murya: "Ya Yesu, ni na ci nawa duniya. In rai kake so, ka ɗauki nawa, ka bar wa yara uwansu."

Suka ce amin.

Ba a daɗe ba zazzaɓin ya sauka. Na fara shan kunu. Ran da na taka ƙasa da ƙafata, Mama ta tafi famfo da bokiti, ta faɗi a can da tsakar rana. Hawan jini ne, jijiya ta fashe a kanta. Likita ya ce ta daɗe da shi. Washegari ta rasu, bango ɗaya ne tsakanin gadonta da nawa.

Aka ajiye ta a mutuware har aka sallame ni. A kujerar roba na zauna wurin jana'iza, hannuna a kan ɗinki.

Fasto ya yi wa'azi a kan addu'ar nan. Ya ce Allah ya amsa, ya nuna ni da yatsa, ikilisiya ta tafa. Sun tafa, jama'a. Uwata na cikin akwati.

A bakin kabari Anti Laraba, ƙanwar Baba, ta sunkuyo kamar za ta yi mini ta'aziyya. Ta ce, "To, kin tashi ko? Sai ki ci lafiyan da kyau, da tsada aka saya."

Wasu a ƙauye ba su tsaya nan ba, cewa suke na ba da ita a tsafi don in rayu. Waɗannan ba su dame ni ba. Baba ne damuwata. Tun daga ranar bai ƙara kallon fuskata ba. In na je, ya ɗauki yarana ya ɗora a cinya, ni kuma ya amsa gaisuwata yana duban ƙasa. In na dafa abinci, sai ya ce ya ƙoshi.

Watan jiya na gaji. Na same shi yana shanya citta, na durƙusa na ce, "Baba, in laifi na yi, a faɗa mini."

Ya daɗe yana juya cittar. Sannan ya ce, "Rifkatu, ba ki yi komai ba. Da uwanki nake fushi. Ta yi zaɓi a gaban mutane, ba ta tambaye ni ba." Ya share hannunsa a riga. "Amma in na gan ki, abin da ta zaɓa nake gani. Ki ba ni lokaci."

Na ce to. Har yau ina jira.

Na gode wa Ubangiji, ko da yake wata rana da ƙyar godiyar ke fitowa. Na gode wa likitoci da nas-nas, da Bulus, da malaman makarantarmu da suka haɗa mana gudummawa. Mama, na gode. Ban roƙe ki ba, amma na gode.

Ku kuma, zazzaɓin da ya ƙi sauka, ku bar kemis ku je a gwada jini. In kuna da mai jinya a asibiti, ku sa a auna ta ita ma, ku karɓe ta ta je ta yi barci a kan katifa.

In kuma za ku yi addu'a a kan mara lafiya, ku roƙi rai biyu. Kada ku yi wa Allah tayin musanya da ƙarfi a gaban jama'a. Wanda aka bari zai koma gida, kuma akwai waɗanda zai tarar a can.