Ƙafar Goggo a Tarayya

Goggona, yayar mahaifina, tana da ƙafar saniya guda. Ba ta farfesu ba, ƙafa ce mai rai da ke kiwo a dajin bayan Kajiji tare da sauran ukun. Da kakanmu ya rasu aka raba gado, saniya ɗaya ta faɗo wa 'ya'yansa mata su huɗu, suka ƙi sayarwa. Tun daga nan ake kiranta saniyar tarayya, ita da duk abin da ta haifa. In an sayar da maraƙi sai a zauna a raba, kuma Goggo ba ta taɓa aikawa a karɓo mata ba. Ko zazzaɓi take yi sai ta taso ta zo da kanta.

Ni ɗinki nake yi a kasuwar Bodinga, amma ƙauyenmu ba ya fita raina, can ma na yi rajistar zaɓe. Wata rana na kai mata atamfar da na ɗinka mata, na tarar da ita tana tsince wake, rediyo na ta magana a gefenta. Mai labarai ya ce gwamnatin tarayya kaza, gwamnatin tarayya kaza. Sai ta rage muryar rediyon ta dube ni.

"Kai ɗan nan, wagga tarayya da aka ta hwaɗi, su wa da wa na cikinta?"

Na gyara zama, don ina son a tambaye ni abin da na sani. Na ce mata jihohi ne talatin da shida, tun daga nan har bakin teku inda mutane ba su taɓa ganin gero a gona ba. Kowace da gwamnanta da majalisarta, a ƙarƙashinta ga ƙananan hukumomi irin Shagari da Bodinga, sannan dukansu sun haɗu sun ɗora gwamnati guda a sama. Na ce, "Kowa da kowa ne a ciki, Goggo. Har ke."

"Har ni? To ina ƙahwata?"

Na yi dariya har da ƙwalla. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Da na ga da gaske take, na ce ranar zaɓe ake zaman. Tana da katin zaɓe, an yi musu shi tare da matan ƙauye, yana cikin kwallarta shekara da shekaru. Ba ta taɓa fita da shi ba, don ta ɗauka zaɓe rigimar maza ce. Ranar ta ce da ta san tarayya ce, da ba a yi zama ko ɗaya babu ita ba.

Ana gobe zaɓe na hau babur na tafi gida. Abin da na tarar ya sa na riƙe baki. Goggo na zaune bisa tabarma, hannuwanta biyu ɗaure cikin leda, ta sha ƙunshi kamar mai zuwa biki. Na ce, "Goggo, yatsan nan fa shi na'urar tantance masu zaɓe za ta duba!" Ta ce ita ba ta zuwa taron mutane da hannu fari, kuma na'urar da ba ta san lalle ba ba ta san mata ba. Da aka kwance, yatsun sun yi ja har sun koma baƙi.

Da safe muka tafi makarantar firamare inda aka kafa rumfar. Layin mata daban, na maza daban. Mai kula da akwatunan wata 'yar bautar ƙasa ce, baƙa siririya, an ce daga can bakin teku aka turo ta. Hausarta ba ta fi ta gaisuwa ba. Na tsaya ina kallonta cikin kakinta, zufa na zubo mata, ina mamakin irin ƙasar da za ta ɗauko 'yar mutane daga inda ake kamun kifi a jirgi ta ajiye ta a bayan Kajiji, ta damƙa mata amanar ƙuri'unmu. Ba ta san kowa a cikinmu ba, kuma don haka ɗin ne kowa ya yarda da ita.

Da layi ya zo kan Goggo rana ta take. Ta miƙa kati, ta ɗora babban yatsa bisa na'urar. Shiru. Aka gwada manuni, aka gwada na hagu, aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na'ura ta ƙi. Lallen ne, ko shekarun tatsa da sussuka ne suka share zanen yatsun, Allah kaɗai ya sani. Wata ta kawo lemun tsami aka goga, wata ta ce toka. Matan da ke baya suka fara gunaguni, wata ta ce tsohuwa ta matsa gefe mana. Goggo ta janye hannunta ta ɓoye cikin mayafi. Na san in ta bar wurin nan ba ta jefa ba, ba za ta ƙara dawowa ba, kuma za ta tafi da cewa ƙarya na yi mata.

Yarinyar ta ɗaga na'urar ta nuna fuskarta, ta nuna ta Goggo. Ashe in yatsa ya ƙi, fuska na yi. Sai dai nan ma da aiki. Goggo ta tashi a gidan da ba a kallon baƙo cikin ido. Duk sa'ad da aka saita na'urar sai ta sunkuyar da kai ta ja mayafi ta rufe baki. Na matso na ce, "Goggo, ki ɗaga kai." Ta ce, "Kai rabu da ni, ina jin kunya."

Sai yarinyar ta zagayo daga bayan teburi ta durƙusa a gabanta, ta haɗa 'yar Hausar da take da ita.

"Mama. Duba ni. Don Allah."

Goggo ta ɗago a hankali. Ban taɓa ganin fuskarta a sarari haka a gaban jama'a ba, da tsagen kumatunta da komai. Na'urar ta yi ƙara, hotonta ya fito. Yarinyar ta yi tsalle kamar ita aka gane. Goggo ta leƙa ta ga kanta, ta juyo gare ni da ido waje.

"Ashe an san ni can?"

Aka ba ta takardu uku, ta shugaban ƙasa, ta sanata, da ta ɗan majalisar wakilai. Ta shiga bayan kwali ita kaɗai ta daɗe, ta fito ta jefa kowace a akwatinta da bisimilla.

Bayan la'asar aka zazzage akwatunan a gaban kowa. Yarinyar na ɗaga takarda, jama'a na ƙirgawa da baki ɗaya. Manyan jam'iyyu suka kwashe kusan komai. Can a akwatin shugaban ƙasa sai ga wata ƙaramar jam'iyya da ko hotonta ba a manna a ƙauyenmu ba, da ƙuri'a guda tak. Aka bushe da dariya, ana tambayar wane ne wannan. Goggo ta ɗaga baƙin yatsanta ta ce, "Tawa ta." Na ce ai ba a faɗi. Ta ce to an ji. Har yau ba ta gaya mini dalilin zaɓinta ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba a share ta ba. Yarinyar ta rubuta ɗayan nan a gurbinsa bisa takardar sakamako, wakilai suka sa hannu, aka ɗora a babur zuwa mazaɓa. Daga can zai wuce Shagari, ya wuce Sakkwato, ya kai babban birnin ƙasa, garin da Goggo ba ta san ko gabas yake ko yamma ba. Na bi babur ɗin da ido har ya ɓace cikin gonaki.

Ban koma Bodinga ba sai da aka faɗi sakamako a rediyo, don Goggo ta riƙe ni in riƙa fassara mata. Mai karantawa ya bi jam'iyyu ɗaya bayan ɗaya, da lissafin ƙasa gaba ɗaya. Da ya zo kan tata na ce ta saurara. Ya ja dubbai, ya ja ɗaruruwa, sannan ya rufe da cewa, "da ɗaya."

Goggo ta dafa gwiwata da hannunta mai lalle.

"Ka jiya? Ta kai."