Tayar Gaba a Hanyar Jiratawa

Mun baro Jiratawa ke nan tayar gaba ta fashe. Zamanin Faransa ne, ina bisa buhunan gyaɗa cikin babbar mota rungume da innata da maciji ya sara, za mu gidan likita Maraɗi.

Na hango wata taya ɗaure jikin motar. Na ce wa direba, "Baba, don Allah sa waccan mu tafi!"

Ya ce, "Ɗiyata, ta baya ce, ga faci. A baya biyu-biyu suke, in ta fashe, 'yar'uwarta ta riƙe mota. A gaba, duka za mu kife."

Ina kuka, ƙafar Inna na kumbura. Ya tsaya tsakiyar hanya har ya tare mana wata mota.

Inna ta rayu, amma haushi ya hana ni gode masa. Ku da kun yi haƙuri?