Ruwan Kwalin Maman Erdoo

Mnena sunanta, amma a layinmu na Bukan Sidi Maman Erdoo muke ce mata. Kifin ƙanƙara take sayarwa, irin na teku da ake kawowa a kwali. Shagona na gyaran takalmi yana jikin rumfarta. Ni Babandi Bafulatani ne, ita ƴar Tibi, wasa ne tsakaninmu tun kakanni, don haka ban taɓa raga mata ba.

"Maman Erdoo, kifin nan naki ya girme ki a mutuwa, yaushe za a yi masa jana'iza?"

"Ka bari sai ka mutu in haɗa ku, mai warin nono."

Ƴarta ɗaya ce, Erdoo, wadda ta yi karatu har ta samu aikin bincike a bakin teku. In ta zo hutu nakan ce, "Likitar kifi, yau wa kika yi wa allura?" Sai ta yi dariya ta zauna a bencina ta yi mini bayani. Wai duk halittar da ta ratsa ruwa tana barin ɗan ɓurɓushin jikinta, ido ba ya gani. Su sai su ɗebi ruwan a kwalba, su tace, na'ura ta faɗi wane kifi ya wuce, wanne ke ƙarewa. Damuwarta ita ce masu jiragen kamun kifi da manyan gwamnati ba su gane abin ba, balle su san lokacin da za a ɗaga wa kifi ƙafa ya hayayyafa. Shi ya sa take bin su har cikin jirgi, ta nuna musu da hannunta.

A irin wannan fitar ce igiyar ruwa ta share ta daga kan jirgi. Ba a ga gawa ba.

Mnena ba ta yi ihu ba. Ta ci gaba da buɗe rumfa. Sai dai na lura in ƙanƙarar kwali ta narke, ba ta ƙara zubar da ruwan a kwata. Tsiyaye shi take yi a gora, ta jera a ƙarƙashin tebur.

Bakina bai iya shiru ba. "Kunun kifi za ki fara sayarwa?"

Ta dube ni, ta amsa da Hausarta da ba ta cika raba mace da namiji ba. "Ruwan teku ne. Erdoo ya ce ruwa yana riƙe wanda ya shiga. In an auna, za a ga yarona a ciki. Ba ni da abin da zan binne, Babandi."

Allura ta tsaya a hannuna. Tun daga ranar, in iska ta kaɗa gorunan suna gogar juna, sai in ji kamar wani ya zauna a bencina.

Da damina ta tsaya, wani abokin aikin Erdoo mai suna Sebastian ya zo gaisuwa. Mnena ta jawo gorunan gabansa, ta ce ya auna. Ya juya kwalin kifin, ya karanta.

"Mama, kifin nan daga wata ƙasa mai sanyi aka kawo shi. Ruwan bai taɓa haɗuwa da tekunmu ba."

"To ina zan same shi?"

Ya buɗe jaka ya fito da wata farar kwalba. Ya ce ita ce ta ƙarshe da Erdoo ta cika da hannunta a ranar. An tace sauran, an kai wa masu jirage sakamako, wannan kuwa ba wanda ya iya taɓa ta.

"Yana ciki?"

"Ban auna ba, Mama. Amma hannunta ya shiga ruwan."

Ta goya kwalbar da zane kamar jaririya. Ranar Asabar aka haƙa kabari a gonarsu ta Adogi, fasto ya yi addu'a, aka binne. Na rufe shago na je.

Yanzu ruwan kwali a kwata yake tafiya kamar da. Mun koma zagin juna. Sai dai in ta ɗaga bokiti za ta watsa, takan ɗan dakata, ta leƙa ciki tukuna. Ni kuma a lokacin nakan sunkuya kan takalmi, in yi kamar ban gani ba.