Ranar da Na'urarmu ta Koma Alƙalin Taki a Haɗeja

Mun tashi da asuba daga Kano, mu uku da na'urar auna hasken gamma, wani haske da ido ba ya gani, wanda yawansa ke cutarwa. Irinta ake binciken cikin ƙwayar zarra da ita, mu kuwa ƙasar fadamar Haɗeja za mu auna. Da ƙyar sashenmu na jami'a ya ba mu aronta, don haka ita ce a kujerar gaba, naɗe da bargo kamar mai jego, mu muna baya muna shan gargada.

A Haɗeja muka karya da soyayyen kifi, arharsa har ta sa na ji haushin masu kifin Kano. Daga nan ɗan adaidaita ya kai mu gonar wani dattijo manomin shinkafa da ya yarda mu yi awo a wurinsa.

Ƙasar a jiƙe take. Dattijon ya rantse kayan baƙo ba za su taɓa laka ba. Ya jawo wani buhu, ya lulluɓe shi da tabarma, muka ɗora na'urar.

Ana kunna ta lambobi suka yi sama. Ɗaya daga cikin abokan tafiyata, wanda bakinsa ba shi da linzami, ya ce da ƙarfi, "Kai, ƙasar nan akwai matsala!" Maƙwabta suka fara ja da baya. Tausayin dattijon ya kama ni, don in maganar nan ta shiga kasuwa, babu mai sayen shinkafarsa bana.

"Malam, gonar gado ce," in ji shi. "Ku duba da kyau."

Na ɗaga tabarmar, ashe buhun takin zamani ne! Sinadarin potasiyam da ke cikin taki yana fitar da ɗan hasken gamma wanda ba ya cutarwa. Muka kawar da buhun, ƙasa ta fito lafiya ƙalau.

Sai dattijon ya ce, "Wato takina ba jabu ba ne?"

Shi ke nan. Kafin azahar buhunan takin manoma sun yi layi a gaban na'urar, har a kan amalanke. Mun ce ba aikinta ke nan ba, amma wa zai saurare mu? Sai la'asar muka samu kanmu.

Na dawo gida da darasi: ka ɗaga tabarma kafin ka buɗe baki. Da shugaban sashe ya nemi sakamako, na faɗa masa gaskiya. Ya ja tsaki ya fita, can sai ya leƙo ya tambaya ko na'urar tana da aiki ranar Asabar. Shi ma ya sayi taki.