Hajiya Shatu Danchadi, Mai Jinyar da Ta Shiga Kwamiti

An haifi Hajiya Shatu a garin Mandera ta ƙasar Shagari a shekarar 1961. Mahaifinta Malam Lawali manomin gero ne, mahaifiyarta Binta kuwa ungozoma ce.

Karatu da Aure

Ta sauke Alƙur'ani a 1976, amma ba ta san boko ba sai da ta manyanta, a ajin yaƙi da jahilci. A 1980 aka ɗaura mata aure da Malam Muhammad Sani, manomin albasa a Danchadi ta ƙasar Bodinga.

Shekarun Jinya

A 1996 surukarta, Inna Habiba, ta kamu da shanyewar ɓarin jiki, ɗawainiyarta kuma ta koma kan Shatu har tsawon shekara tara. A lokacin babu ruwa a kusa sai a bakin fadama. Wata safiya ta tafi ɗebowa domin wanke shimfiɗar tsohuwar, ta dawo ta tarar Inna ta faɗo daga gado ta karye a ƙugu. Wannan lamari bai bar zuciyarta ba har bayan rasuwar Inna.

Aikin Al'umma

A 2006 aka naɗa ta cikin kwamitin raya gunduma, ita kaɗai mace. A shekarar ne aka tsara haƙa famfon burtsatse guda biyu, duka a bakin tasha. Shatu ta nemi izinin dattawa ta ce, "Ranku shi daɗe, direba wucewa shika yi, amma mai jinya ba ta iya barin maras lafiya ta tai tasha. A tambayi masu ɗaukar tulu." An daɗe ana jayayya, daga bisani aka bar ɗaya a tasha, aka shigo da ɗayan tsakiyar unguwa.

Da shawararta ne aka ƙara lokacin awon ciki zuwa bayan la'asar a ɗakin shan magani, domin matan da aikin gida ke riƙewa da hantsi. Buƙatarta ta a riƙa aika ma'aikaciyar lafiya gidajen da ke da majinyaci a kwance kuwa, sau uku ana watsi da ita, sai a 2019 aka amince da ziyarar wata-wata.

Rasuwa

Ta sauke farali a 2014. Allah Ya yi mata rasuwa a Danchadi cikin damanar 2023, bayan gajeriyar jinyar da 'ya'yanta maza da mata suka yi karɓa-karɓa a kanta, kamar yadda ta hore su. An yi mata sutura bayan azahar a maƙabartar garin. Ta bar mijinta da 'ya'ya biyar: Maniru, Hassan, Nana Hauwa, Ummi da Zulaihatu, wadda a yau take cikin mata huɗu da ake zama da su kafin a yanke shawarar kowane aiki a gundumar. Allah Ya jiƙanta da rahama.