Kujera Ɗaya a Zariya

Shekarata goma sha bakwai a kamfanin fatu da ƙiraga lokacin da aka fara maganar Turawa za su sauka daga kujerun manaja su bar wa 'yan ƙasa. Ni ke riƙe da sito, leburori talatin a ƙarƙashina, kuma ko ido rufe in na shafa fata na san ta akuyar Sakkwato ce ko ta Borno. Takardar shaidar karatu ce kawai ba ni da ita. Sai ga sanarwa: akwai kwas na koyon gudanar da kasuwanci a Zariya, wata tara, kujera ɗaya aka ware wa kamfaninmu, kuma ba a ɗaukar wanda ya kai arba'in. Ina da talatin da tara.

Fom ɗin bai ba ni wahala ba sai shafin ƙarshe, inda aka ce mutum ya rubuta babban abin da ya taɓa yi a wurin aiki. Kwana uku ina kallonsa. Mu dai an rene mu a kan cewa mutum ba ya buɗe baki ya faɗi alherin kansa, sai dai wani ya faɗa.

Ina da aboki a ofis, akawu, ni na kawo shi kamfanin, na riƙe shi kamar ƙanina. A Tarauni yake zaune, ni a Gyadi-Gyadi, kullum da safe sai na ratsa na ɗauko shi a Vespa. Ran Lahadi na kai masa fom ɗin har ƙofar gidansa.

"Haba Yaya, wannan ne ya hana ka sakat?" in ji shi. "Ba ni labarin kawai, ni zan tsara maka."

Na ba shi labarin daminar da ruwa ya fasa katangar sito. Yadda na sa aka kafa dakalan katako cikin yini guda, aka ɗage kayan sama, na je tashar Unguwa Uku na lallashi direbobi suka kwashe sauran kafin su ruɓe. Yana rubutawa yana jinjina kai. Har tuwo na ci a gidan. Da ya dawo mini da shafin a buge da tafireta, layi huɗu ne kacal, wai na taimaka wajen ceto kaya. Na ma ji daɗi da bai zuzuta ni ba.

Ranar ganawa a Zariya, ina shiga harabar sai ga shi yana fitowa cikin sabuwar babbar riga. Ya ce shi ma ya cika fom ne don gwada sa'a, kada in damu. Na yi masa fatan alheri.

Mutum uku ne a teburin. Na tsakiya, wani dattijo mai tabarau, ya ce in ba su labarin ruwan nan. Na ce Allah ne ya taimaka, leburori sun yi ƙoƙari, direbobi sun yi mana kara. Ya duba wata takarda ya ce, "Wato kana cikin waɗanda suka taimaka wa wanda ya fita yanzu? Ya yi mana bayanin dakalan da ya ƙirƙiro, shafi biyu."

Mutumin da ranar ruwan yana ofis ya naɗe ƙafar wando yana leƙe ta taga! Maganar ta zo mini har baki. Amma in ƙaryata ƙanina a gaban baƙi, in ce ni ne, ni ne? Na kasa. Na ce, "E, muna tare."

Shi aka ɗauka. Ban taɓa jin an ci amanata irin wannan ba, kuma haushin kaina ya fi nasa ci na.

Ana jibi zai tafi ya zo Gyadi-Gyadi, ya durƙusa ya gaida mahaifiyata, sannan ya ja ni gefe.

"Yaya, ga iyali nan zan bari. Ba ni da wanda na yarda da shi kamarka."

Na dube shi, bai ko sunkuyar da kai ba. Na ce to. Wata tara ina zuwa Tarauni duk Juma'a ina tambayar yaransa lafiya, a cikin watannin nan ne na cika arba'in.